Darasin Koriya ta Kudu: An Karanta Shi Daga Ƙarshe

A rahotonsa na 1998/99 kan ilimi da bunƙasar ƙasashe, Bankin Duniya ya kawo wani kwatance da ya zama tamkar karin magana a bakin masana. A ƙarshen shekarun 1950 abin da ɗan Ghana ke samu a shekara kusan ɗaya ne da na ɗan Koriya ta Kudu, amma zuwa farkon shekarun 1990 na Koriya ya ninka na Ghana sau shida, kuma wasu na ganin ilimi ne ya haifar da rabin wannan rata. Na sha jin ana maimaita wannan a tarukan ƙara wa juna sani, daga nan sai a zarce ga neman ƙarin jami'o'i. A ganina an karanta darasin ne daga ƙarshe.

Ba da jami'a Koriya ta fara ba. Lokacin da mulkin mallakar Japan ya ƙare a 1945, mafi yawan manyan mutanen ƙasar ba su iya karatu ba. Yaƙin 1950 zuwa 1953 ya rusa makarantu da dama. Duk da haka a 1954 gwamnati ta ƙaddamar da shirin shekara shida na tilasta karatun firamare, kuma kafin 1960 kusan kowane yaro ya shiga aji, ko da kuwa a cunkushe. Haka nan rabon filayen noma da aka fara a 1950 ya bai wa ƙaramin manomi abin da zai sayar ya ɗauki nauyin karatun 'ya'yansa.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne harshe. A ƙarƙashin Japan da Japananci ake koyarwa. Bayan 'yanci sai aka koma ga harshen Koriya da rubutun Hangul, wanda Sarki Sejong ya bayyana wa jama'a a 1446 domin talaka ya iya rubuta abin da ke ransa. Yaron ƙauye ya koyi lissafi da harshen da mahaifiyarsa ke yi masa magana da shi, bai fara kokawa da baƙon harshe kafin ya kai ga darasi ba. Wannan yaron ne ya zama ma'aikacin masaƙa mai iya karanta umarnin sarrafa na'ura. Sai a kan wannan tubali aka kafa cibiyar binciken kimiyya ta KIST a 1966, aka kira masanan ƙasar da ke waje su dawo gida, aka kafa kamfanin ƙarfe na Pohang a 1968. Wanda ya yi karatu ya tarar da masana'anta tana jiransa.

Ba na cewa ilimi kaɗai ya yi wannan aiki. Akwai tallafin Amurka mai tsoka, akwai kuma mulkin kama-karya na Park Chung-hee da ya danne ƙungiyoyin ƙwadago. Ko a yau ɗaliban ƙasar suna ɗanɗana kuɗarsu a gasar jarrabawar shiga jami'a, iyaye kuma suna zuba dukiya a makarantun ƙarin darasi. Mai son kwaikwayon Koriya ya kamata ya san wannan.

Batun harshen kuwa ba baƙo ba ne a Nijeriya. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara dukkan shekara shida na firamare da Yarbanci, ya nuna sun fi takwarorinsu fahimta, kuma Ingilishinsu bai raunana ba. A nan ne zargi ke dawowa kanmu, mu manazarta Hausa. Mun tara kundaye kan salon waƙa da jigon ƙagaggun labarai, kuma ba na raina su, domin nawa ma yana cikinsu. Amma malamin aji huɗu da zai bayyana wa yara yadda tsiro ke sarrafa hasken rana ya zama abinci, har yanzu shi kaɗai yake laluben kalmomin a gaban allo.