Rodin Fandisho: Kada Mu Yi Arahar Da Za Ta Ci Rai



Tsadar kayan gini ta haifar da wata ɗabi'a a wuraren gine-ginenmu. Injiniya ya rubuta a zane cewa a sa rodi mai kaurin milimita 16 a fandisho. Mai gida ya je kasuwa ya ji farashi, sai ya dawo ya ce wa mai ɗaurin rodi: "Malam, a sa mai 12 mana, ai duk ƙarfe ne." A ɗaure, a zuba kankare, ƙasa ta rufe.

A ido, tazarar milimita 4 ce kacal. To amma ƙarfin rodi yana bin faɗin bakinsa ne idan an yanka shi. Bakin mai 16 murabba'in milimita 201 ne, na mai 12 kuwa 113. Duk wanda ya musanya su ɗaya da ɗaya ya rage fiye da kashi 40 cikin 100 na ƙarfen da aka lissafa. Kankare yana jure danniya, amma ba ya jure ja, rodi ne ke riƙe shi idan ƙasa ta motsa. Ku tuna da baƙar ƙasar yankin Tafkin Chadi, wadda ke kumbura da damina ta tsage da rani.

Musanya tana yiwuwa. Mai 12 guda biyu suna ba da 226, sun ɗan zarce mai 16 guda. Sai dai idan rodi ya cunkushe, tsakuwa ba za ta ratsa ba, kankare ya fito da ramuka. Wannan lissafi aikin injiniyan da ya zana ginin ne.

Akwai kuma rodin da ake sayarwa da sunan mai 12 alhali bai cika ba. Sikeli ne ke tona shi. Sanda ɗaya mai tsawon mita 12 nauyinta ya haura kilo 10 da rabi, tan guda kuwa sanda 94 ne ko kusa da haka. Idan aka ƙirga maka fiye da haka sosai a tan, kada ka yi murna, sirara aka ba ka.

Fenti da tayil ana iya sauya su gobe, amma fandisho sau ɗaya ake zuba shi, kuma iyalinka ne za su kwana a kai. Don Allah, 'yan uwa, idan kuɗi bai kai ba, a rage ɗaki ko a jinkirta aikin. Kafin a taɓa rodi ko guda, a kira injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN ya sa hannu.