Fiya-fiya Ba Zai Raba Mu da Kyankyaso Ba

Kunna fitila a kicin da tsakar dare, ka ga yadda kyankyasai ke watsewa: wannan ya shige ƙarƙashin tukunya, wancan ya laɓe bayan buhun gari yana karkaɗa dogayen gashin kansa. Gari na wayewa sai a aika yaro ya sayo fiya-fiya. A ganina wannan dabara ta fi cutar da mutanen gida fiye da ƙwaron da ake son kashewa.

Ya kamata mu san da wa muke faɗa. Burbushin da masana suka tono cikin duwatsu ya nuna kakannin kyankyaso na yawo a doron ƙasa tun fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce. Hatta gara, mai cinye mana azara, danginsa ce, kamar yadda binciken ƙwayoyin gado ya tabbatar a 2007. Amma cikin nau'i kimanin 4,600 da aka sani, wajen 30 ne kacal ke zama da mutane. Saura suna daji suna cin ruɓaɓɓen ganye. Wanda ya tare a gidanmu, abu uku ya samu: ruwa, abinci da maɓoya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kyankyaso ma haka ne. Yana iya yin kusan wata ba abinci, amma in ba ruwa da wuya ya wuce mako. Famfon da ke ɗiga da kwanukan da suka kwana ba wanki su ne gatansa.

Wani zai ce ai fiya-fiya na da araha, kuma da safe ana sharo gawarwaki. Gaskiya ne, sai dai waɗanda suka fito fili kawai ya kashe. Macen ƙaramin kyankyason da ake kira na Jamus tana ɗauke da kwanso mai ƙwai 30 zuwa 40, kuma feshi ba ya ratsa shi sosai. Waɗanda suka tsira su ke haifar masu jure guba. A Amurka, a 1993, an gano wasu da suka daina kusantar sukarin da ake gauraya musu da magani. Shi kuwa sinadarin DDVP da ke cikin fiya-fiya maganin gona ne, kuma hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da maganin ƙwari na Sniper, mai ɗauke da shi, a 2019. Jaririn da ke barci a ɗakin da aka fesa fiya-fiya shi ke shaƙar sa.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta mazauna gidan haya: ka tsabtace ɗakinka, kyankyasan maƙwabci su biyo kwata su dawo. Wannan kuka na gaskiya ne, kuma shi ya sa aikin ya zama na gida duka. Mai gida ya toshe tsagar bango da siminti, ya yi wa masai murfi. 'Yan haya su rufe abinci, su fitar da shara kafin a kwanta. In dole sai an sa magani, a nemi na gida mai rajista, a ajiye shi inda hannun yaro ba ya kai. Iyaye, don Allah ku fitar da kwalbar fiya-fiya daga ɗakin kwanan 'ya'yanku.