Girkin Kirsimeti A Duwala Da Mudunmu Na 'Yan Kasuwa

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar New Bell ta birnin Duwala a farkon watan Disamba, ba sai an gaya masa cewa Kirsimeti ta ƙarato ba. Tun da sassafe zai ji ƙarar ƙarfe ta bayan katanga. Matan maƙwabtanmu Kiristoci ne suka fito da manyan tukwanen dalma waɗanda rabon da a ɗora su a wuta tun bara, ana dirza su da toka da soson waya. Ana kai wuƙaƙe wurin mai wasawa, ana wanke turmi, ana ɗaga tukunyar gas a jijjiga a ji ko za ta kai ƙarshen wata. Mai dabara kuma tana ajiye buhun gawayi a lungu, domin ta san gas kan yi ɓatan dabo daidai lokacin da aka fi bukatarsa, kuma ko yana nan, girkin mutum 30 ya fi ƙarfin ƙaramin murhu.

Wannan biki ba namu ba ne, kowa ya sani. To amma idan aka buɗe waccan tukunya ranar 25 ga wata, aka duba abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, za a tarar da yawansa ta hannunmu ya biyo. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi magana da junanmu, mu 'yan kasuwa, tun daga masu rumfa a Kasuwar Kongo da babbar kasuwar New Bell, har zuwa 'yan uwanmu da ke loda kaya a Marwa da Garwa da Amchide da Mubi, da masu saukewa a Kye-Ossi can bakin iyakar Gabon, tun kafin wata ya raba.

Bari mu fara da tukunyar kanta, domin akwai waɗanda suka shekara 20 a cikinmu suna sayar da kaya ba su san abin da ake yi da shi ba. Ndole shi ne sarkin abincin biki a Duwala. Ganyen shuwaka ne ake tafasawa a yi ta wankewa har ɗacin ya ragu, a jefa 'yar kanwa domin ganyen ya yi laushi ya riƙe korensa, sannan a niƙa gyaɗar da aka dafa aka cire wa ɓawo, a haɗa da albasa da tafarnuwa da nama ko jatan lande. Ganyen na gonarsu ne, jatan landen na ruwansu ne. Amma mafi yawan gyaɗar daga Arewa take gangarowa, albasar ma haka, naman kuwa saniya ce da ta taso daga Adamawa, ta biyo jirgin ƙasa daga Ngaundere ko ta hau babbar mota har mayankar Bonendale. Mutanen Bamenda mazauna Duwala su kuma achu ne nasu, wato dakakkiyar gwaza da miya ruwan ɗorawa, wadda ba ta haɗuwa sai manja ya gamu da ruwan kanwa. Abin sha'awa, ko da Faransanci matar take magana, kanwa take kiran wannan abu, kamar yadda muke kira. Ganda suna ce mata kanda, tsire suna ce masa soya, mai kanti ɗan Arewa kuwa sunansa Magida. Kalmominmu sun daɗe da shiga ɗakin girkinsu, kuma ciniki ne ya kai su.

Sai kuma kuɗin. Akwai wani tunani da ya zauna a zukatan wasunmu, wai a Disamba kuɗi ruwa ne a hannun mutanen kudu, duk abin da ka yanka za su biya. Mai faɗin haka bai san inda kuɗin ya fito ba. Da yawa daga cikin matan nan adashi suke zubi tun Janairu, a ƙungiyoyin unguwa da na garuruwansu na asali, a ƙarshen shekara ake fasa asusun a ba kowa abin da ya tara. Wasu ma adashin nasu na man girki ne da sabulu. Ke nan Sefa dubu 50 ɗin da Madam ta zo da ita rumfarka ba tsintuwa ba ce, guminta ne na wata 11, kuma tun daga gida ta riga ta kasa ta: wannan na nama, wannan na gyaɗa, wannan na kaza, wannan na kayan yara. Mako guda bayan Kirsimeti ga daren sabuwar shekara, wanda a Duwala bai gaza Kirsimeti cin tukunya ba. Da an shiga Janairu kuma ga ragowar kuɗin makaranta yana jira. Saboda haka idan ka ƙara mata Sefa 500 ba gaira ba dalili, wani kashi ne a cikin waɗancan za ta rage, kuma galibi naman yara ne ke raguwa.

Mun san abin da Alhaji zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Albasa ta kirki da rani ake cire ta, daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu. Wadda ta kai Disamba ta sha ajiyar wata bakwai ko takwas, ta rage nauyi, wani kaso ya ruɓe a rumbu, sabuwa kuma ba ta gama shigowa ba. Daga Marwa zuwa Duwala tafiyar fiye da kilomita 1,400 ce, ga shingaye, ga ramuka, ga kwanan hanya. Litar man gas da manyan motoci ke sha ta tashi daga Sefa 575 zuwa 720 a Fabrairun 2023, ta sake hawa zuwa 828 a Fabrairun 2024. Idan kaya ya iso kuma, danshin Duwala ba ya raga wa albasa, buhu ya yi 'yan kwanaki a ƙasa sai ka fara jin wari. Don haka tsadar albasa a Disamba ba sharrin ɗan kasuwa ba ce, kuma ba mu ce kowa ya sayar da asara domin a yabe shi ba. A wannan wata ne da yawa cikinmu ke mayar da abin da damina ta cinye, lokacin da ruwan Yuli da Agusta ke mayar da layukan New Bell tafki, mai saye ya zauna a gida, kaya ya jiƙe a rumfa. Riba halal ce.

To amma gyaɗa fa? Ita a Satumba da Oktoba ake cire ta, a Disamba sabuwa ce fil a kasuwa. Yawan masu saye zai iya ɗaga ta kaɗan, wannan dokar kasuwa ce, ba mai ja. Sai dai mu da muke shiga sito mun san bambancin kayan da babu da kayan da aka kulle ana jiran ranar 20 ga wata. Mun san gwangwanin awo da aka bubbuge gindinsa ya shige ciki. Mun san buhun albasa da aka jera manya masu sheƙi a bakinsa, aka cusa ruɓaɓɓu da ƙanana a tsakiya. Wanda ya fi ɗaga mana hankali shi ne gyaɗar bara mai fumfuna da ake cakuɗawa da sabuwa. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa irin wannan fumfuna tana haifar da wata guba mai suna aflatoksin wadda ke lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. A cikin ndole niƙa gyaɗar ake yi, ba wanda zai gani, kowa zai ci har da ƙananan yara. Wannan ya wuce maganar ha'inci a mudu.

Haka nan 'yan uwanmu masu shigo da tukwane da kuloli da robobi da filas daga Nijeriya, domin shirin kicin ba a kan abinci kaɗai ya tsaya ba. Da aka saki Naira a Yunin 2023 ta faɗi warwas, an yi watanni mai Sefa yana sayo kayan Kano da Anacha da sauƙin da bai saba gani ba. Mutum nawa ne a cikinmu suka sauke farashi, ko da na Sefa 100? Idan man gas ya tashi mu ne masu shela, idan canji ya yi mana daɗi sai mu yi gum.

A nan muke so masu karatunmu na kasuwannin iyaka su saurara da kyau. Wanda ya ɗinke buhun nan yana can Arewa, ya karɓi kuɗinsa ta waya, ya yi barcinsa. Wanda zai sha zagi yaron rumfa ne a Duwala, wanda shi ma bai san abin da ke tsakiyar buhun ba sai da aka zazzage a gabansa. Kuma matar da aka cuta ba za ta ce wane ne ya cuce ta ba, cewa za ta yi Hausawa.

Kada mu manta da inda muke zaune. Jamusawa ne suka yanke New Bell lokacin da suka ƙwace filayen Duwalawa na bakin kogin Wuri suka tura su baya, kuma Sarki Rudolf Duala Manga Bell da ya tsaya ya ƙi yarda da ƙwacen, rataye shi suka yi ranar 8 ga Agusta, 1914. Daga baya baƙi ne suka cika unguwar, Hausawa da Bamileke da Basa da mutanen Afirka ta Yamma, gida na jingine da gida. Kakanninmu da suka zo da kanwa da shanu da tufafi ba su da soja ba su da gwamna a wannan gari. Abin da suka zauna da shi shi ne idan Malam ya ce kayan nan mai kyau ne, a ɗauka ba sai an buɗe ba. Waɗanda suka ga Fabrairun 2008 kuwa ba su bukatar tuni. Yajin aikin direbobi kan kuɗin mai ya rikiɗe ya zama tarzomar tsadar rayuwa, aka yi kwanaki gari a rufe, aka fasa shaguna. Gwamnati ta ce mutum 40 suka mutu, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ce sun haura 100. Ba mu ce mudun wani ne ya jawo ba. Amma ranar da talaka ya fusata a kan tsada, ba ya ganin minista, ba ya ganin mai jirgin ruwan da ya shigo da shinkafa. Fuskar mai rumfa ya sani.

Wanda yake ganin matan nan ba su da yadda za su yi da mu, ya tuna da labarin kaza. A farkon shekarun 2000 daskararrun kajin Turai sun cika kasuwannin Kamaru, har abin da aka shigo da shi a 2003 ya haura tan dubu 22. Sai ƙungiyar ACDIC ta marigayi Bernard Njonga ta ɗebi naman daga kasuwanni ta kai ɗakin gwaji, aka gano mafi yawansa bai dace da ci ba. Mata suka juya baya, gwamnati ta taka wa shigo da shi burki, sana'ar da ake ganin ba mai iya taɓa ta ta durƙushe cikin 'yan shekaru. Yanzu kuma ga manyan kantuna. Carrefour ya buɗe a Bonamoussadi tun 2017, ga Santa Lucia a unguwanni, farashi a rubuce, sikeli a gaban ido. 'Yar Madam da ke aikin ofis a Bonanjo ta san hanyarsu. Abin da muke da shi wanda ba su da shi sanayya ce, da gyara, da bashin kwana biyu, da sunan nan na asso da take kiranka da shi, wato abokin cinikinta na kullum.

Akwai kuma abin da ya fi ciniki, wanda duk ɗan New Bell ya gani da idonsa. Ranar jajibere maƙwabci Kirista zai sayo akuya ko kaji masu rai, ya aiko yaro a kira Malam ya zo ya yanka, domin idan an dafa maƙwabtansa Musulmi su iya ci. Wasu matan har tukunya ta daban suke warewa, wadda naman alade bai taɓa shiga ba, a cikin tukwanen nan da muka ce ana dirzawa da toka. Da azahar ɗin ranar 25 sai ga kwano an shigo da shi gidanka, kamar yadda kai ma ka aika da cinya ranar Layya. Mai yiwuwa gyaɗar da ke cikin kwanon nan ita ce ka auna da buguggen gwangwani, mai yiwuwa ita ce ta bara mai fumfuna, kuma 'ya'yanka ne za su zauna su ci.

Muna kira ga shugabanninmu, Sarkin Pawa da shugabannin masu albasa da na masu gyaɗa da dattawan zango, da su zauna kafin tsakiyar wata, kada a jira sai jami'an Ma'aikatar Kasuwanci sun zo da sikelinsu da takardar tara. A tsayar da gwangwani ɗaya na awo wanda kowa zai gwada nasa da shi. A ba mai saye damar a zazzage buhu a gabansa kafin ya biya. Duk gyaɗar da ta yi fumfuna a ware ta, kada ta hau tebur, asarar a raba ta tsakanin mai aikowa da mai saukewa yadda aka saba raba asarar hanya. Mahauta su faɗi farashin kilo na makon biki tun da wuri, mai ƙashi da marar ƙashi, domin mace ta yi lissafinta tun a gida. Masu loda kaya a Marwa da Garwa da kasuwannin iyaka kuma, kowa ya rubuta sunansa da lambar wayarsa a jikin buhu, yadda idan an buɗe a Duwala za a san wanda za a kira. Motar da za ta sauke kaya a New Bell kafin 20 ga wata, tun farkon Disamba ake ɗinke buhunanta.