Sanyin Sirinaga da Hunturun Zamfara

Birnin Sirinaga na yankin Kashmir yana zaune ne a tsakanin duwatsun Himalaya, kimanin mita 1,600 bisa doron teku, a gaɓar tafkin Dal. Daga 21 ga Disamba ake shiga kwana arba'in na tsananin sanyi, waɗanda mutanen can ke kira Chillai Kalan, har bakin tafkin yakan daskare.

A irin wannan lokaci na ziyarce shi sa'ad da nake karatu a Indiya. Na kwana a gidan katako mai shawagi bisa ruwa, na shiga kwalekwalen shikara zuwa masallacin Hazratbal. Kusan kowa yana rungume da kangiri, ɗan kaskon garwashi cikin kwando, a ƙarƙashin babbar riga. Sanyin da ke korar mutane ɗaka sun mai da shi haja.

Amma hajar nan tana da sharaɗi. Rikicin da ya ɓarke a 1989 ya kori baƙi shekara da shekaru. Bayan sun komo, harin Pahalgam na Afrilun 2025, wanda ya ci rayuka 26, ya sake watsa su. Ƙanƙara ba ta fasa zuba ba, aminci ne ya ƙaura.

Mai karatu, mu dawo gida. Ba mu da ƙanƙara, amma muna da hunturu, lokacin da amfani ya shigo rumbu, laka ta bushe, tafiya ta yi daɗi. Muna da Dutsi a ƙasar Zurmi, mazaunin farko na sarakunan Zamfara. Muna da kufan Kiyawa, da tashar Ƙaura Namoda inda dogo ya tuƙe a 1929, da kasuwar Alhamis ta Shinkafi. Sai dai wa zai zo buɗe ido a inda mai gona ke fargabar zuwa gonarsa? A 2021 har kasuwannin mako aka rufe, aka katse layukan waya.

Don haka nake roƙon hukumomi, kafin a buga littattafan tallata wuraren tarihi, a fara tsare hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi. Ma'aunina ɗaya ne: ranar da malami zai ɗebi ɗalibai daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura zuwa Dutsi, su dawo bayan magariba, iyayensu ba su ɗaga hankali ba. Ranar nan baƙo zai zo ko ba a gayyace shi ba. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.