Tsakanin Zuciya da Kare

Cibiyar horas da jami'an diflomasiyyar Amurka ta sanya Larabci cikin harsunan da suka fi yi wa mai jin Turanci wuya, har ta ƙiyasta masa sa'o'in karatu 2,200. Furuci na cikin manyan tarnaƙinsa. Turanci ba shi da harafin ƙaf, saboda haka ɗalibi yakan nufi "ƙalbi", zuciyata, ya furta "kalbi", karena. In ya saki shadda, "hammam", banɗaki, ya koma "hamam", tattabaru. In ya gajarta wasali, "jamaal", kyau, ya zama "jamal", raƙumi.

Wasu malamai kan murtuke fuska su hana dariya, wai kada kwarjinin darasi ya zube. A ganina asara ce, domin kalmar da aji ya dara a kanta da wuya ta kuɓuce wa ɗalibi. Sharaɗin ɗaya ne: kalmar za a yi wa dariya, a tsare mutuncin mai furta ta. Wanda aka kunyata sau ɗaya yakan kame bakinsa har ƙarshen zango, wanda ba ya furtawa kuwa ba ya koyo.

'Yan uwa malamai, kowane fanni muke koyarwa, mu yi gyara nan take, fuska a sake.