Allurar da Ba Ta Ɗauke da Magani

Manomin dankali na Bonkuku, a ƙasar Imanan, idan ban ruwa ya ƙage masa ƙugu, wanzami yake nema ya kafa masa ƙaho, alhali a Turai, tun da likita Karel Lewit ya bayyana a 1979 cewa sukar allura kaɗai, ba tare da ruwan magani ba, tana kwantar da ciwon tsoka, masu gashin jiki suka mai da ita sana'a. A nawa ra'ayi, bai halatta kowa ya ɗauki wannan allura ba face wanda ya naƙalci ilimin gaɓɓai, domin idan ta kauce tsakanin haƙarƙari tana iya huda huhu. Kuma lalle daga Bonkuku zuwa asibitin Filinge tafiya ce ga mai numfashi da ƙyar.