Kafin Mu Bar Akwatialine

Da wuya a zauna hira a Akwatialine bayan sallar isha'i a watse ba a taɓo maganar fili ba. Wane ya samu a Parkoso, wane ya biya rabin kuɗi a Kenyase, ɗan gidan wane da ke Jamus ya aiko a nema masa can wajen Ejisu. Ba ma ganin laifin kowa. Gidan da kaka ya gina domin iyali guda, yau magadansa sun haura talatin, kowa da ɗakinsa da ƙorafinsa. Kwatoci sun cika, ƙurar katako ba ta barin labule ya yi fari, gobara kan tashi a wajen masu katako ta hana unguwa barci, in damina ta kankama kuma rafin Aboabo ya biyo mutane har ɗaka. Wanda ya rayu shekara arba'in a haka, in ya ce yana son wurin da rana za ta faɗo tsakar gidansa ta busar da shanya, ya buɗe taga ya ga itatuwa, ya zauna cikin mutane masu riƙon al'ada da girmama manya, bai nemi abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam ba.

Mu ma muna ganin ƙaura ta zama dole ga da yawa daga cikinmu. Abin da ke damunmu shi ne yadda ake yin ta: ɗaiɗai, a ɓoye, kowa na gudun kada ɗan'uwansa ya san inda ya saya.

Ba mu ne farkon waɗanda suka zaɓi kurmi ba. Kakanninmu mutanen fili ne, mutanen rana da gero, daga Kano da Katsina da Sakkwato. Goro ne ya ja su zuwa Gwanja, suka yi zamansu a Salaga har yaƙin basasa na 1892 ya tarwatsa kasuwar. Bayan Turawan Ingila sun kama Kumasi a 1896, aka gama yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, jirgin ƙasa ya iso a 1903, sai suka gangaro ƙasar Tonawa da yawansu. Sun tarar da ruwan sama sau biyu a shekara, da sararin sama da kan wuni a lulluɓe, da abincin da ba su saba da shi ba. Amma ba wanda ya je ya kafa bukka shi kaɗai a gindin wata bishiya don ta yi masa kyau. Sun sauka wuri guda, da malami, da mahauci, da wanzami, da mai masauki, suka naɗa Sarkin Zango wanda zai yi magana da masu ƙasa a madadinsu. Ma'anar kalmar zango ke nan tun asali, wurin da ayari ke sauka tare.

Maganar itatuwa ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Kurmin da mai saye ya gani ranar da dillali ya kai shi, shi ne zai fara sare shi ranar da zai haƙa harsashi, maƙwabtansa su ƙarasa sauran. Wanda ya san Sawaba da Buobai shekara talatin da suka wuce ya san abin da muke nufi. In ana son kurmi na gaske, sai irin su Bobiri ko Owabi, waɗanda gwamnati ta keɓe, ba a gini a cikinsu. Gara mai saye ya tambayi ruwan da zai sha, tunda galamsey ta mayar da koguna irin su Offin da Oda kamar kunu, ya kuma je ya ga hanyar wurin a watan Yuni, kada ya tsaya ga yadda take a lokacin hunturu.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne siyasa. Kowa ya san mazaɓar Asawase, wadda Alhaji Muntaka Mubarak yake wakilta tun 2005, tsibiri ce ta NDC a tsakiyar yankin da mafi yawan mazaɓunsa 47 suka daɗe a hannun NPP. Duk wanda ya tashi daga nan ya koma Kwabre East ko Ejisu, ya shiga ƙasar giwa. Wasu na cewa hakan ya fi musu: mutane ne masu son kasuwanci, masu riƙe da sarauta, ba su son hayaniya. Wasu kuma suna cewa ko kyauta aka ba su fili a can ba za su je ba, don ba su manta da 18 ga Nuwamba 1969 ba, ranar da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Babu gidan da ke nan da ba shi da labarin wannan kora: wanda ya sayar da gida a kuɗin akuya, wadda aka haifa a Kumasi aka loda ta a mota zuwa ƙasar da ba ta taɓa gani ba.

Sai dai tarihin bai fara daga 1969 ba, kuma matasanmu da yawa ba su san farkonsa ba. A shekarun 1950 manyan zangon Kumasi suna cikin Muslim Association Party, wadda ta haɗa kai da 'yan adawa na ɓangaren Busia ɗin nan. A 1957, shekarar samun 'yanci, gwamnatin Nkrumah ce ta kori Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zango, zuwa Najeriya. Ashe kowane ɓangare ya taɓa nuna mana hanyar iyaka a ranar da ya ga dama. Haka kuma kowane ɓangare ya taɓa zuwa da alheri: gwamnatin Akufo-Addo ta kafa asusun raya zanguna a 2017, Dakta Bawumia ya gyara Babban Masallacin Kumasi aka buɗe shi a 2023, ga shi kuma bayan zaɓen 2024 Shugaba Mahama ya ba ɗan zango ma'aikatar cikin gida. Saboda haka muna ganin kuskure ne mutum ya zaɓi inda zai binne cibiyar jikokinsa bisa launin tutar da ke rataye a bakin titi. Tuta takan canza cikin shekara huɗu ko takwas, gida kuwa ana gina shi ne don ya wuce mai shi.

Riƙon al'adar da muke yabawa ma yana da fuska biyu. Gaskiya ne Batone yana girmama tsoho, yana tsoron abin kunya, yana jin maganar sarkinsa, kuma wannan ya dace da tarbiyyarmu. Amma wannan al'adar ce dai ta ce ƙasa ta kujerar sarauta ce, ta matattu da rayayyu da waɗanda ba a haifa ba. Tsarin mulkin 1992 ya hana a mallaka wa kowa ƙasar kujera har abada. Abin da muke kira saye, haya ce ta dogon lokaci, yawanci shekara 99 ga ɗan ƙasa, wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa ba ya wuce 50. Takardar da sarkin ƙauye ke bayarwa mafarin magana ce, sai an bi ta ofishin filaye na Asantehene da Hukumar Filaye kafin hankali ya kwanta. Mun ga wani dattijo daga layinmu da ya zuba guminsa na shekara ashirin a fili, ya dawo da bulo ya tarar wani ya riga ya kai gini linta, kowannensu da takarda mai hatimi. Da su goma suka je tare, da wani babba a gaba, da wuya a yi musu haka. Sanin halin sarkin wurin ya fi sanin jam'iyyarsa amfani nesa ba kusa ba.

Akwai kuma abin da ba ya cikin takarda. Yaron da ya tashi a Akwatialine yana jin Hausa ko bai so ba, daga mai koko da mai waake, daga makarantar allo, daga faɗan tsofaffi. Yaron da ya tashi a gida mai katanga a bayan Ejisu, Twi zai yi a waje, Turanci a makaranta, Hausa ta zama yaren da ake yi masa faɗa da shi. Mun fara ganin jikokin da ke gaida kakarsu da Turanci, ita kuma tana murmushi tana haɗiye abin da ke ranta. Mun kuma je jana'izar wani bawan Allah da ya ƙaura shekara shida kafin rasuwarsa, gida mai kyau, mangwaro da ayaba a tsakar gida, amma sai da aka jira motoci biyu daga nan kafin a samu wanda zai yi masa wanka da sahun da zai sallace shi. Maƙwabtansa sun zo, sun yi ta'aziyya da mutunci, ba su san abin da za su yi ba ne kawai.

Ra'ayinmu shi ne a tashi, amma a tashi a ayari. Gida goma ko goma sha biyar su haɗa kuɗi su nemi filaye a jere, su fitar da na masallaci da makaranta tun kafin kowa ya haƙa nasa, su tambayi sarki inda za a riƙa binne mamatansu, su sa fadar Sarkin Zango ta san da maganar. Ƙungiyoyin adashi da na zumunta da muke da su sun isa su ɗauki wannan aiki, in za su rage kuɗin anko kaɗan. Gidan gado na nan kuma kada a yi gaggawar sayar da shi don a raba kuɗi. A gyara shi, a bar ɗaki ko biyu a buɗe, saboda yaran da za su riƙa zuwa hutu da azumi su kwana kusa da kakanninsu.